Dawar da Ta Ɗaure Dokin Kakana

A garinmu babu wanda bai san ciwon doki ba. Na gano haka ne a daminar da nake aji biyu na ƙaramar sakandare, lokacin da dokin Kakana ya fara tsayawa cak a tsakiyar hanya. Mutanen da ban taɓa ganin sun sa ƙafa a likkafa ba, a wuni guda duk suka zama likitoci.

Dokin akawal ne, baƙi wuluk, da ɗan fari a goshi kamar an dangwala masa koko da yatsa. Ba dokin ado ba ne. Shi ne ƙafafun Kakana, don gwiwarsa ta dama ta daɗe da ƙin doguwar tafiya. Kullum da safe a kansa yake zuwa gonarsa ta nesa, ran Asabar kuma ya hau shi zuwa wajen yayarsa, wadda duk gidan muke kira Goggo. Tana zaune a wani ɗan ƙauye a hayin rafi, ta wajen dajin Ɗansoshiya. Idonta ya tafi tun kafin a haife ni. Cikin 'ya'yan mahaifiyarsu su biyu kaɗai suka rage. Da damina babur ba ya tsallake rafin nan, sai doki ko mai ƙafa lafiyayya, kuma Goggo da ƙarar kofato take gane ƙanenta ya iso.

A shekarar ne 'ya'yansa uku, wato Baffa babba da mahaifina da Baffa ƙarami, suka haɗu suka karɓe masa fartanya. Suka ce ya huta haka nan, sun isa su ci da shi. Magana ce mai kyau, kuma sun tabbatar kowa a ƙofar masallaci ya ji ta. Abin da babu wanda ya tuna a cikinsu shi ne, in an hutar da mai doki an hutar da doki. Tun daga ranar akawal ya koma tsayuwa a turke daga Lahadi har Juma'a, yana korar ƙuda da wutsiya.

Asabar ɗin da abin ya fara ina tare da su. Mahaifiyata ta ba ni ƙullin kuka da daddawa in kai wa Goggo, ina bin su a ƙasa. Dokin ya yi ƙiba, jikinsa sai sheƙi, yana ta rawar ƙafa tun daga ƙofar gida. Kakana ya ji daɗi, ya sakar masa linzami, suka bar ni a baya. Da na cim musu a gindin babbar tsamiyar da ke kan hanya, sai na tarar Kakana ya sauka, dokin kuma yana tsaye kamar an dasa shi. Gumi ya yi masa farar kumfa a wuya da tsakanin cinyoyi. Ƙafafunsa na baya sun sandare. In Kakana ya ja shi, sai ya yi ɗan gajeren taku kamar mace cikin matsattsen zane, ya sake tsayawa. Na sa hannu a kan kuturinsa, wato naman da ke saman cinyoyin baya, na ji shi da tauri kamar buhun siminti da ruwa ya taɓa, kuma yana ɓari a ƙarƙashin tafina.

Kakana ya ɗaga kofato ɗaya bayan ɗaya yana neman ƙaya ko tsakuwa. Babu komai. Ya kwance sirdi, ya ce in tsaya da dokin, shi ya gangara neman ruwa. Yana can dokin ya yi fitsari, da ƙyar, yana nishi. Ba irin wanda na saba gani a barga ba ne. Ja ne mai duhu, kamar zoɓon da ya kwana. Na tsaya ina kallonsa har ƙasa ta shanye. Ba maganar da yarinya za ta ɗauko wa kakanta haka kawai ba ce, sai na bar ta a cikina. Sai wajen la'asar ƙafafun suka ɗan saki, muka juyo gida a hankali, kukar Goggo tana kaina.

Abin da ya rikita kowa shi ne, kafin tsakiyar mako doki ya warke sarai. Babu ɗingishi, babu kumburi, yana cin abinci kamar gara. Asabar ta zagayo, aka ɗaura sirdi, ya fita yana rawar ƙafa, ya isa tsamiya, ya tsaya.

To, nan fa masana suka samu abin yi. Tsamiya dai kowa ya san masu zama a kanta, don haka aka yi hayaƙi har idon dokin ya yi ja, aka rataya masa laya a wuya. Da Asabar ta uku ta zo sai aka ba Kakana shawara ya kauce wa bishiyar, ya bi ta gonaki. Ya bi. Dokin ya tsaya a gefen gonar masarar wani, inda ko kargo babu. Ni a raina na lura nisan wurin daga gida daidai yake da nisan tsamiya. Masana kuwa suka ce ai biyo su aka yi.

Wanzamin garinmu ya ce mataccen jini ne, ya aske gashin kuturin ya kafa ƙaho, ya bar wa dokin tabo biyu kamar an ɗora masa kofin shayi mai zafi. Wani mai kemis daga Dangora ya zo da allurar da yake yi wa masu ciwon baya, ya ce tunda doki ya fi mutum girma sai a ninka. Maƙwabcinmu ya ce kambun baka ne, dokin ya yi kyau da yawa, mutane suna magana. Baffa ƙarami ya kalli wani bidiyo a wayarsa cikin harshen da ba ya ji, ya ce ciwon kofato ne. Kowa ya ƙaryata na kusa da shi. Abu ɗaya tak suka yarda da shi baki ɗaya: dabba marar lafiya tana bukatar ƙarin abinci.

Wurin wanke-wankena yana jikin dangar da ta raba tsakar gida da barga, kuma dangar tana da wata kafa daidai idon wanda ke zaune a kan kujera 'yar tsugunno. Ni ba mai magana ba ce. A makaranta ma in malama ta kira ni, amsar tana bakina amma sai ta maƙale. Kallo kuwa na iya shi. Ta wannan kafar na san abin da ke shiga komin akawal.

Da sassafe Kakana zai zuba masa kwanon dawa guda, irin wanda yake ba shi tun lokacin da yake zuwa gona kullum, ya koma ɗakinsa. Ba jimawa sai ga Baffa babba kafin ya wuce gona, da farin kwano a ɓoye cikin riga. Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya juye, ya motsa baki da addu'a ya tafi. Bayan la'asar, in na dawo daga makaranta, sai mahaifina da kwanon silba na mahaifiyata. Dab da magariba kuma Baffa ƙarami ya zo da tsohuwar robar fenti, tasa har da gero da dusa a cakuɗe, don ya fi kowa.

A wajenmu abin da ka yi wa dabbar mahaifinka kamar shi ka yi wa, albarkarsa kake nema. Kuma ana cewa irin wannan alheri ba a shelarsa, don kada ladan ya zube. Haka suke cewa. Ni dai na ga mutanen da suka yi shelar karɓe fartanya ba su ji tsoron zubewar lada ba a lokacin. Abin da kowannensu ke tsoro shi ne ɗan'uwansa ya gani ya ƙara a kan nasa. Ga shi tsakiyar damina, rumbu ya yi ƙasa, mahaifiyata tana auna garin tuwo tana tsaki, tana neman kwanonta na silba. A lokacin ban san wannan yana da alaƙa da ƙafafun doki ba. Abin dariya kawai na ɗauke shi, irin wanda ba ni da wanda zan ba.

Asabar ta yi ta wucewa Kakana bai tsallake rafi ba. Wata Bafulatana da ke kawo mana nono daga rugar da ke kusa da ƙauyen Goggo ta zo da saƙo. Ta ce Goggo ta ce a tambayi yaron nan, dokin ne ya mutu ko shi. Kakana ya yi dariya a gabanta. Da ta tafi sai ya je ya zauna a bakin barga, tuwonsa na rana ya dawo ko rabi bai ci ba.

A makon ne Baffa babba ya kawo maganar sayarwa. Ya ce doki ya ƙare, gara a rabu da shi da ƙibarsa kafin ya faɗi a turke. Ya riga ya yi magana da wani dillali da zai zo bayan cin kasuwar Dangora, irin masu loda dawakai a mota zuwa inda ba hawansu ake yi ba. Game da Goggo kuwa ya ce a bari ruwa ya janye, sai a kai Baba a babur. Kamar dai matar da ta haura tamanin an yi mata alkawarin za ta ga janyewar ruwa. Kakana bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Mijin mai nonon nan tsohon abokin Kakana ne. Shi ne ya zo mana da likitar dabbobi, wata mata daga wajen Tudun Wada da ta zo yi wa shanunsu rigakafi. Tana sanye da dogon hijabi da takalmin roba har gwiwa. Ta durƙusa ta gaida Kakana, sannan ta shiga barga. Maza suka cika wurin, ni kuma ina bakin kafar dangar nan da tukunya a hannu. Ta shafa kowace ƙafa daga sama har ƙasa, ta ƙwanƙwasa kofatai, ta sa aka zagaya da shi. Ta danna kuturin, ta daɗe tana kallon tabon ƙaho. Ta cire layar wuyansa ta duba fatar wurin, ta mayar masa da ita yadda take.

Sai ta fara tambaya. Yaushe yake tsayawa, tun farkon tafiya ko bayan an ɗan yi nisa? Sauran ranakun wane aiki yake yi? Da ta tambayi kalar fitsarinsa in abin ya tashi, sai maza suka kalli juna, Baffa babba ya ce su dai ba su da aikin gadin fitsarin doki. Aka yi dariya. Ba ta yi ba.

“Baba, me yake ci?” ta ce da Kakana.

“Ciyawa, da harawa in akwai. Dawa kwano guda da safe, da hannuna nake zuba masa.”

'Ya'yansa uku suna tsaye a bayansa. Duka suka gyaɗa kai suka ce haka ne.

Ta ce abin da suka kwatanta ya yi kama da ɗaurewar tsoka. Yana kama dokin da ke cin hatsi da yawa alhali yana tsaye a turke, sai a tashe shi rana guda a sa shi gudu, naman cinyoyin ya ɗaure, ya fara lalacewa. In ya yi tsanani har ƙoda yakan taɓa.

“Amma kwano guda bai kai ya kawo wannan ba,” ta ce. Ta kama kitsen wuyan dokin ta girgiza. “In dai kwano guda ne.”

Mahaifina ya sami wani abin kallo a kan takalminsa. Baffa ƙarami ya zaro waya. Baffa babba ya yi gyaran murya ya ce ai Baba ba ya ƙarya. Kuma gaskiya ya faɗa, Baba bai yi ƙarya ba.

Ta ce kada a sake yi masa ƙaho ko allurar mutane, kuma in ya ɗaure kada a ja shi dole. Za ta dawo rugar jibi, in ba a gano komai ba sai ta ɗebi jininsa ta kai birni. Tana fita zauren ya ɗauki surutu. Yaushe abinci ya zama cuta? Mace ma me ta sani a kan doki? Wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne mai farin kwano.

Na ɗauka ko ba su faɗa ba za su daina. Washegari da safe ina wanke-wanke sai ga Baffa babba, kwanon har ya fi na jiya tozo. Ina jin a lissafinsa abin da aka bayar don neman albarka ba ya cutarwa, in ma akwai mai cutarwa to ba nasa ba ne. Dillali kuwa saura kaɗan ya zo.

Mutum ɗaya ne a duniya nake iya yi wa magana ba tare da muryata ta shige ciki ba, shi ne Kakana, saboda wasan jika da kaka. A cikin wasan nan ni amaryarsa ce, shi kuma tsohon mijin da ba ya cefane, kuma duk abin da na faɗa masa ba rashin kunya ba ne. Na kai masa kunu. Ya kurɓa ya ɓata fuska.

“Amarya, yau ma ba sukari? Zan fa sake ki.”

“Ka sake ni mana, tsoho. Mijin da dokinsa ke cin tuwo sau huɗu, matarsa tana lasar tukunya.”

Ya yi dariya har kunun ya kusa zuba. Sai dariyar ta tsaya. Ya ajiye kofin.

“Sau nawa kika ce?”

Daga nan wasa ya ƙare, kuma da ƙyar na ƙarasa. Idona a kan tabarma na faɗa masa na farin kwano, da na silba, da na robar fenti, da lokacin zuwan kowa. Na faɗa masa abin da na gani a gindin tsamiya, na ce kalar zoɓo ne. Sannan ya ce in sauke masa asabarin ƙofa in zan fita, in tafi makaranta kada in makara.

Bai tambayi kowa ba. Ɗakinsa yana kallon barga, ya wuni a bayan asabari, ya ga na la'asar da na magariba da idonsa, washegari kuma ya ga na safe. Sannan ya aika a kira su zaure kafin su tafi gona. Ni na kai musu tabarma, kuma ban yi saurin komawa ba.

Bai yi faɗa ba. Albarka ya sa musu, ɗaya bayan ɗaya, a gaban juna.

“Kai mai farin kwano, Allah ya yi maka albarka. Kai mai kwanon silba, Allah ya yi maka albarka, ka mayar wa matarka kwanonta. Kai kuma auta, mai robar fenti, har da gero, Allah ya ba ka masu yi maka.”

Ban taɓa jin amin mai sanyi irin ta ranar ba. Ga albarkar da suka yi wata da watanni suna nema an ba su a hannu, amma babu wanda ya iya ɗaga kai ya karɓa. Kakana ya ce daga yau za a rataye buhu a zaure, duk mai neman albarka ya juye kwanonsa a ciki, na Goggo ne. Komin doki kuwa hannu ɗaya ne zai riƙa taɓa shi. Ya ce fartanya su riƙe abarsu, amma kullum da safe zai hau ya zo gona ya ga irin noman da suke yi. Wannan ta fi ta kwanon yi musu ciwo.

Likitar ta dawo kamar yadda ta ce. Kakana ya ba ta labarin kwanuka, ya kuma ba ta labarin zoɓo, ya ce amaryarsa ce ta gani. Ta ce to yanzu magana ta haɗu. Ta ce a janye hatsin, a bar shi da ciyawa da harawa, ruwa kada ya yanke, a sa masa ɗan gishiri. A fara da jansa a hannu a bayan gari, sannan hawa kaɗan, ana ƙarawa a hankali, kuma kada a sake barinsa ya wuni a tsaye. Ta ce ciwon yana iya dawowa in aka koma gidan jiya. Dillali ya zo ranar da ya ce, aka ba shi ruwa ya sha, ya leƙa barga ya yi tsaki ya tafi.

Da doki ya fara zuwa gona yana dawowa lafiya, wanzami ya ce ai ƙahonsa a hankali yake aiki. Mai kemis ya ce allurarsa ce. Masu hayaƙi suka ce na kan tsamiya sun haƙura. Baffa ƙarami ya ce shi dama tun a bidiyon nan ya ga alamar abinci ne.

Masara ta fara bushewa a kara ranar Asabar ɗin da Kakana ya ce a ɗaura buhun Goggo a bayan sirdi. Na bi su da ƙullin kuka. Wannan karon bai sakar masa linzami ba, tafiya muka yi kafaɗa da kafaɗa. Da muka hango tsamiya na ji Kakana ya daina magana. Dokin ya shiga inuwarta, ya miƙa wuya ya fizgi ciyawa a gindinta, ya wuce yana taunawa. A rafi ruwan ya kai masa ciki, ni kuma Kakana ya ɗora ni a kan buhun.

Tun kafin mu shiga ƙauyen Goggo ta fito bakin ƙofa da sandarta, ta karkata kai tana saurare.

“Kai yaro, ashe kana raye.”

“Ina raye, Yaya. Dokin ne ya yi ciwo.”

Ta laluba ta kama hannunsa, ta daɗe ba ta saki ba. Sannan ta laluba wuyan dokin, ta bi haƙarƙarinsa da yatsu, ta ɓata rai. Ta ce wannan wane irin rashin imani ne, doki ya tashi daga ciwo an bar shi da yunwa, ga ɗiya maza har uku a gida. Ta ɗaga murya ta ce da matar jikanta ta kwance buhun nan da aka kawo, ta cika babban kwano da dawa a kai wa bawan Allah.

Kakana bai isa ya musa mata ba. Yayarsa ce, kuma a ƙofar gidanta yake. Sai ya kalle ni.

Na ce, “Goggo, kawo ni zan kai masa.”

Na karɓi kwanon da hannu biyu, na zagaya bayan ɗaki inda aka ɗaure akawal, na tsaya ina shafa masa farin goshinsa har ya gama shinshinar hijabina. Sannan na lallaɓa na mayar da dawar cikin buhu, a hankali, don Goggo tana jin faɗuwar ƙwaya guda.